Shekarar da aka damƙa mini jakar coci

Ran Lahadin ƙarshe ta watan Janairun 2024, bayan an tashi daga sujada, muka sauka ɗakin da ke ƙarƙashin majami'a, inda muke shan shayi, aka yi taron shekara na ikilisiya. A nan aka zaɓi sababbin 'yan majalisar coci, kuma a zamansu na farko suka naɗa ni ma'aji. Dattijon da ya riƙe aikin shekara da shekaru idonsa ya yi rauni, hannunsa ya fara rawa, shi da bakinsa ya roƙa a sauke masa. Ya ja ni zuwa bayan motarsa cikin ƙanƙara, ya miƙo mini kwali biyu na takardu, da littafin cek, da makullin wani ɗan akwatin ƙarfe. Ya riƙe hannuna ya ce, "Za ki ga wani abu a ciki da ba zai yi miki daɗi ba. Ban ɓoye shi ba, gyaransa ne ya gagare ni."

Ni 'yar Angilikan ce daga ƙasar Zazzau. Aiki ne ya kawo mu, ni da maigidana da yara, wani ƙaramin gari a tsakiyar Amurka, inda sanyin hunturu ke daskarar da ruwa a cikin famfo. Cocin Episkopal, wanda muke zuwa, shi ne ɗan Tarayyar Angilikan ta duniya a wannan ƙasa. Na san da saɓanin da ke tsakanin shugabanninsa da na Najeriya tun 2003, kuma ban ɗauke shi ƙaramin abu ba. Amma a garin nan, nan ne kaɗai na shiga na ji tsarin addu'ar da na tashi da ita, kuma mutanen nan ne suka kawo mana barguna da tukwane a makonmu na farko. Shi ya sa da suka ce in riƙe musu jaka ban yi musu ba.

Abu na farko da aka koya mini shi ne ma'aji ba ya ƙirga baiko. Mutum biyu ne suke ƙirgawa bayan sujada, kuma ba a haɗa miji da mata ko 'yan gida ɗaya. Su buɗe ambulan, su rubuta, su sa hannu, ɗayansu ya kai banki, ni kuma takardar kawai nake karɓa in gwada ta da abin da banki ya nuna. A gida mun saba da baikon da ake fita da rawa, da godiyar kaka da ake kawo buhun masara da akuya. Nan kuwa, a watan Oktoba kowane gida yake cika ɗan kati ya rubuta abin da ya yi alkawarin bayarwa a shekara mai zuwa, a kan waɗannan katuna ake gina kasafin coci gaba ɗaya. Na daɗe ina kewar rawar. Sai dai katin yana sa ma'aji ya san tsawon zanen kafin ya yanka.

Aikin gaske ya fara ne da rahoton shekara. Dokar cocin ƙasa ta ce kowace ikilisiya ta miƙa shi ga dayosis, wato yankin ikilisiyoyin da ke ƙarƙashin bishop ɗaya, kafin 1 ga Maris ta wuce: mutum nawa ke zuwa sujada ran Lahadi idan an daidaita, nawa aka yi wa baftisma, nawa aka tabbatar, nawa aka binne, nawa ya shigo, nawa ya fita. Limaminmu ya cika gefen mutane, ni na cika gefen kuɗi. A cikin layukan akwai guda ɗaya da ya fi sauran nauyi, wato kuɗin shiga na gudanar da coci, domin daga shi ake lissafa kason da za mu biya dayosis. Kowace dayosis da nata ma'auni, wasu kashi 10 cikin 100 suke karɓa, wasu sun haura haka. Kuɗin da aka bayar don wani aiki na musamman, kamar gini, ba ya shiga wannan layi, don haka sai an tsefe kowane cek an san gidansa.

Ina cikin wannan tsifa ne, wani dare bayan yara sun kwanta, na ci karo da abin da dattijon ya faɗa.

Shekara biyu kafin nan, tukunyar ɗumama majami'a ta mutu a tsakiyar hunturu. A garin nan wannan ba abin jira ba ne, don idan bututun ruwa suka daskare suka fashe, asarar ta ninka. Aka kira masu gyara, suka sa sabuwa, aka rasa abin biya. Sai aka daina tura kason dayosis, wata bayan wata, har bashin ya kai na shekara ɗaya da rabi. Da hakan bai isa ba, aka taɓa wani asusu da wata gwauruwa ta bari a wasiyyarta, ta ce a yi amfani da shi wajen karatun yaran ikilisiya kaɗai. Ko sisi bai shiga aljihun kowa ba, rasit ɗin mai gyara yana nan da hatiminsa. Amma na duba littafin zaman majalisa daga farko har ƙarshe, babu inda aka rubuta cewa an yarda a ari kuɗin, babu kuma ranar mayarwa.

Na zauna na lissafa abin da ba ya ɗaguwa ko da wane hali ake ciki. Albashin limami. Kashi 18 cikin 100 na abin da yake samu, wanda dole coci ta tura asusun fanshon limamai na ƙasa, asusun da ke aiki tun 1917. Inshorar lafiyarsa, inshorar gini, wuta da gas. Da na cire waɗannan daga alkawuran baiko, abin da ya saura bai kai ya biya kason bana ba, balle na bara.

Washegari na kira mahaifina. Ya yi ma'ajin cocin ƙauyenmu fiye da shekara ashirin, a gwangwanin madara yake ajiye kuɗin, da ɗan littafi da ya ɗaure da roba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya kiran sunana.

"Uwata, lafiya na ji muryarki haka?"

"Lafiya lau, Baba. Kuɗin coci ne suka hana ni barci."

Na kwashe duka na gaya masa. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke, sannan ya ce, "Wanda ya taɓa kuɗin nan ba ɓarawo ba ne, kada ki bari a kalle shi haka. Amma mai kuɗin tana kabari, ba ta da bakin tambaya, ke ce bakinta yanzu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki faɗa da bakinki kafin takarda ta faɗa."

Haka na yi. Na fara zuwa wurin limami, na ce, "Rabaran, akwai maganar da nake so majalisa ta ji daga gare ni a zaman wannan wata." Ya san da bashin dayosis, amma bai san zurfin maganar asusun yara ba. A zaman, na raba wa kowa takarda shafi ɗaya, na karanta ta da kaina, na kuma fara da cewa ba don tukunyar nan ba da yau ba mu da rufin da za mu zauna a ƙarƙashinsa.

Nan take wani ya ce a sayar da filin da ke gefen majami'a, a biya komai a huta. Da yawa suka gyaɗa kai, har da ni. Limami ya bari muka gama, sannan ya bayyana mana cewa majalisar ikilisiya ba ta da ikon sayar da fili ko jinginar da shi sai da rubutaccen izinin bishop da na zaunannen kwamitin dayosis. Tun 1979 babban taron cocin ƙasa ya kafa doka cewa duk dukiyar ikilisiya amana ce da take riƙe wa dayosis da cocin ƙasa. A kan wannan doka aka yi ta shari'a a kotuna a jihohin Bajiniya da Teksas da Karolaina ta Kudu, lokacin da wasu ikilisiyoyi da dayosis suka fice suna son tafiya da gine-ginensu. A daren nan raina bai so ba, gani nake mu muka share filin, mu muke yanke ciyawarsa. Daga baya na gane cewa da ikon yana hannunmu, da mun sayar da abin da kakannin mutanen nan suka bari saboda ruɗewar dare ɗaya.

Aka rubuta a littafin zama cewa majalisa ta amince an ari kuɗin asusun yara, kuma za a mayar. Aka ce in nemi sassauci daga dayosis. Amma kafin a saurare mu sai an binciki littattafanmu.

Binciken kuɗi wajibi ne kowace shekara, kuma rahotonsa ya isa ofishin bishop kafin 1 ga Satumba ta wuce. Manyan ikilisiyoyi suna ɗaukar ƙwararren akanta. Ƙanana irin tamu ana yarda kwamitin da dayosis ta amince da shi ya yi. Aka turo mana mutum biyu daga wata ikilisiya da ke maƙwabtaka da mu, ɗayarsu tsohuwa ce da ta yi ritaya daga banki. Ta zo ran Asabar da tabarau a rataye a wuya da 'yar rula ta katako. Sai ta ɗora rular a kan takardar banki, ta ja ta ƙasa, inda ta tsaya ta ce, "Wannan cek ɗin." In tashi in nemo takardar neman biya, ta duba ko sa hannu biyu ne a kai, ta duba ko majalisa ta yarda da kashewar. Ta sake jan rula. Haka muka wuni. Cek uku ba mu sami rasit ɗinsu ba, ta rubuta. Da muka zo kan asusun taimakon mabukata, wanda ke hannun limami kuma ake zuba masa baikon da ba na ambulan ba na Lahadi ɗaya a kowane wata, ta ce ni in fita. Ita da limami kaɗai suka duba, domin a ciki akwai sunayen waɗanda aka biya wa haya ko kuɗin wuta, kuma wasunsu a benci ɗaya muke zama. Wannan ya burge ni ƙwarai: an bincika kuɗin har ƙwandala, an kuma rufa wa mai buƙata asiri.

Da za ta tafi ta ce mini, "Na ga kun rubuta maganar asusun yaran da kanku. Da ni na tono ta, da rahoton nan ya sha bamban."

A watan Yuli na haɗa takardun neman sassauci: wasiƙar majalisa, lissafin shekara uku, rahoton bincike, da tsarin yadda za mu biya. Muka tuƙa mota zuwa ofishin dayosis, ni da babban dattijon majalisarmu. Kwamitin kuɗi ne ya zauna da mu, limamai da 'yan ikilisiya a gauraye, duk aikin sa kai suke yi in ban da ma'aikaciyar ofis ɗaya. Tambayoyinsu ba su da sauƙi. Gida nawa ne suka cika katin alkawari, kuma nawa daga cikinsu suka haura shekara saba'in? Idan manyan masu bayarwa biyu suka rasu ko suka ƙaura, me zai faru? Mun taɓa tunanin raba limami ɗaya da wata ikilisiya? Wannan ta ƙarshe ta soke ni, don na san me take nufi ga mutumin da ya binne mana matattu ya yi wa 'ya'yana baftisma. Na amsa da abin da ke cikin takarda, ban ƙara ban rage ba.

Abin da zan yi ƙorafi a kai shi ne jira. Kwamitin shawara kawai yake bayarwa, sai majalisar zartarwa ta dayosis ta zauna ta amince, ita kuma ba ta zama a watan Agusta. Muka yi makonni babu ko layi ɗaya na amsa, alhali a dokar dayosis ɗinmu ikilisiyar da ake bi bashi ba tare da yarjejeniya ba tana iya rasa ƙuri'arta a babban taro. Ga ƙaramar coci da ke ƙirga kowace dala, shirun nan azaba ne, kuma kiran waya ɗaya ya isa ya rage shi. Na faɗa musu haka daga baya. Amsar dai ta zo: an yafe wani ɓangare na tsohon bashi, sauran a biya cikin shekara uku, kason bana a riƙa turawa wata-wata, kuma asusun yara shi ne farkon abin da za a cike.

A watan Nuwamba na je babban taron dayosis a matsayin wakiliya, abin da a gida muke kira sinod. Kwana biyu ake yi. Duk limaman dayosis suna da kujera, kowace ikilisiya kuma ta turo wakilanta daga cikin jama'a. Bishop ne ke jagorantar zama, amma kasafin kuɗi ba shi ke yanke shi ba, taron ne. Makonni kafin nan an zagaya yanki-yanki da daftarin, kowa ya yi tambaya. A can na fara ganin inda kasonmu yake tafiya, kuɗin da na yi wata tara ina kallo kamar haraji.

Kaso mafi girma albashin bishop ne da ma'aikatan ofis, waɗanda suke taimaka wa ikilisiya ta sami sabon limami, suke horar da masu aiki da yara, suke amsa wayar ma'aji irina. Sai tallafin ƙananan majami'u da ba su iya ɗaukar nauyin kansu, da hidima a jami'o'i, da sansanin yara na bazara, da masu karatun limanci. Akwai ɗan abin da ake ajiyewa kowace shekara don tafiyar wakilai babban taron ƙasa, wanda ake yi duk bayan shekara uku, kowace dayosis ta tura limamai huɗu da 'yan ikilisiya huɗu. Akwai wani ajiyar don ranar da za a nemi sabon bishop, tunda doka ta ce ya sauka in ya kai shekara 72. Sannan ga layin da ya sa na gyara zama: ita ma dayosis tana da nata kason da take biya. Kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigarta take turawa cocin ƙasa, kuma tun 2019 ya zama dole, wadda ta kasa sai ta nemi sassauci. Ashe bishop ma yana iya zama a irin kujerar da na zauna a watan Yuli.

Waɗanda suka je taron ƙasa na birnin Luwibil a watan Yuni suka ba da rahoto, har da zaɓen Bishop Sean Rowe, wanda ya karɓi shugabancin cocin daga Michael Curry a farkon Nuwamban. A teburin abinci kuwa maganar da ta fi yawo ita ce ta jihar Wiskonsin, inda dayosis uku suka koma ɗaya a shekarar, da Mishigan inda biyu suka haɗe. Kowa ya san dalili: jama'a na raguwa, gine-gine na tsufa, kuɗin riƙe ofis ba ya raguwa.

Muhawarar kasafi ta yi zafi a rana ta biyu. Wakilin wata babbar ikilisiya ta birni ya kawo gyara, a rage kason da ake karɓa daga kowa, a cike giɓin ta hanyar ƙara abin da ake cira daga dukiyar wasiyya da dayosis ta zuba a hannun jari. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce kuɗi ya fi amfani a inda jama'a suke, kuma su ma rufinsu na yoyo. Ma'ajin dayosis ya tashi ya ce abin da aka saba cira daga irin wannan dukiya kashi 4 zuwa 5 ne a shekara, in aka wuce haka an fara cin iri. Sai wata mata daga wata majami'ar karkara ta zo gaban makirufo da sanda. Ta ce su goma sha wani abu ne ran Lahadi, limami sau biyu a wata yake zuwa musu, kuma daga layin tallafin da za a fara yankewa ake biyan man motarsa.

Ban yi niyyar magana ba, amma na tsinci kaina a layi. Minti biyu ake ba kowa, da fitila mai nuna lokaci. Na faɗi sunan ikilisiyarmu, na ce mu ne waɗanda aka yafe wa bashi a bana, kuma na san cewa abin da aka yafe mana wani ne ya biya shi, watakila ma ikilisiyar mai wannan gyara. Na gode musu a gaban kowa. Na ce ragin zai yi wa cocinmu daɗi a watan Janairu, amma na fi son in biya cikakke in san cewa ranar da tukunyar wasu ta mutu akwai inda za su je. Muryata ta yi rawa, fitilar ta koma ja kafin in rufe baki.

Aka ɗaga katuna, kore na amincewa, ja na ƙi. Sai da masu ƙirga suka bi layi-layi, don idon shugaban zama bai iya rabewa ba. Gyaran ya faɗi da ƙaramin rinjaye. Aka amince a kafa kwamiti ya sake duba ma'aunin kason kafin taro mai zuwa, wanda a ganina daidai ne, domin kukan manyan ikilisiyoyin ma kuka ne. Sannan aka zartar da kasafin, aka zaɓi sababbin 'yan zaunannen kwamiti, waɗanda su ne ke riƙe dayosis idan babu bishop, aka rufe da jibin Ubangiji. Mutumin da ya kawo gyaran shi ne a gabana a layin karɓa.

A zaman majalisarmu na Disamba muka zartar da namu kasafin, muka rubuta kuɗin gidan limami a littafi kafin shekara ta shiga kamar yadda dokar haraji ta nema, muka sa layi na musamman mai sunan asusun yara. Ran Litinin na tura kashin farko, na karɓi takardar banki, na wuce gidan tsohon ma'aji. Na same shi a kujera kusa da taga, da bargo a gwiwa. Ya kai takardar kusa da fuskarsa, ya nisanta ta, ya miƙo mini ya ce in karanta masa. Na karanta kwanan wata, da sunan asusun, da adadin. Ya ce in sake karanta sunan matar, na sake.